Asali da Kwafi: Sharhi a kan Tara Faya-fayan Jaz da Auna Ingancin Sabon Bugu

Daga cikin abubuwan da zamani ya binne sa'an nan ya komo ya tone da hannunsa, kaɗan ne suka kai faifan garmaho ban mamaki, domin kuwa bayan kaset ya ture shi, faifan CD ya ture kaset, wayar hannu kuma ta zo ta haɗiye su baki ɗaya, sai ga shi a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar Amurka, alhali CD bai wuce miliyan 33 ba, abin da rabon da a gani tun 1987. Cikin masu wannan sha'awa kuwa babu waɗanda suka kai ma'abota kiɗan jaz tsanantawa da yawan saɓani, har mas'ala guda ta raba su ƙungiya-ƙungiya: shin faifan da aka buga tun farko, zamanin da makaɗan ke raye, shi ya fi, ko kuwa sabon bugun da kamfanoni ke fitarwa yau daga tsofaffin tef? In kuma sababbin bugu sun yi yawa, kowanne yana da'awar shi ne sahihi, da wane mizani za a auna su? Wannan ita ce mas'alar da nake nufin bi daki-daki. Hukuncin kiɗa a shari'a, da abin da malamai suka halatta daga cikinsa da wanda suka hana, yana da nasa mahalli da nasa ma'abota. Abin da ke gabanmu a nan shi ne amanar ajiye sauti da gaskiyar kwafarsa.

Kusancin jaz da ƙasarmu

Kada mai karatu a Gwandu ko Kalgo ya ɗauka zancen nan na wasu mutane ne can ƙetaren teku waɗanda babu abin da ya haɗa mu da su. Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin waɗanda aka kwashe daga wannan nahiya a zamanin cinikin bayi. Ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, aka fara sa shi a faifai a 1917, kuma tun da ya yi ƙarfi ma'abotansa suke waiwayen Afirka. Louis Armstrong, jigon masu busa ƙaho a cikinsu, ya zo Nijeriya a 1960, shekarar samun mulkin kai, ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Art Blakey, makaɗin ganga wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi ibn Buhaina, ya haɗa kai da Solomon Ilori, mutumin Nijeriya, suka yi faifan The African Beat a 1962. Wanda ya fi su kusa da mu shi ne Yusef Lateef, wanda ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya kuma bar faifai biyu daga wannan zama: Hikima, wanda aka buga a 1983, ya yi ƙaranci har masu tarawa suka riƙa nemansa ruwa a jallo kafin a sake buga shi a 2019, da In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas ya fito a 1985.

Dalilin da ya sa ingancin ɗauka ya yi nauyi ƙwarai a jaz shi ne, makaɗinsa ba ya tsayawa kan biya abin da aka rubuta masa. Karin waƙa kawai ake shimfiɗa masa, shi kuma ya yi ta ƙaga busa nan take gwargwadon abin da zuciyarsa ta ba shi da abin da abokan kiɗansa suka jefo masa, ta yadda in aka ce ya maimaita bayan sa'a guda ba zai iya kawo irinta daidai wa daida ba. Wanda ya san yadda Alhaji Mamman Shata yake ƙaga waƙa a tsaye gaban jama'a ba zai sha wuyar fahimtar haka ba. Saboda haka abin da na'ura ta kama a wannan yini shi kaɗai ne nassi, babu wani a bayansa da za a koma gare shi, kuma duk abin da ya salwanta daga cikinsa ya tafi ke nan.

Silsilar da sauti ke bi kafin ya kai kunne

Faya-fayan farko, waɗanda kakanninmu suka sani a garmaho mai wani da hannu, da wani irin ƙaro mai saurin fashewa ake yin su, suna zagayawa sau 78 a minti, gefe guda kuma galibi ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba mai zagaye 33 da sulusi, wanda gefensa guda ke ɗaukar kimanin minti 20. A daidai wannan lokaci ne kuma tef ya shiga ɗakunan ɗaukar murya, sa'an nan a 1958 sitiriyo ya bazu, watau sauti mai mafita biyu, dama da hagu, a maimakon mono mai mafita guda. Waɗannan abubuwa uku su suka sakar wa makaɗan jaz mara suka yi dogon zango, shi ya sa galibin abin da masu tarawa ke bi ya faɗo tsakanin 1950 da 1970.

Faifai kuwa ba ya isa hannun mai saye sai ya ratsa hannuwa huɗu. Da farko akwai mai ɗauka, wanda ke jera makirfo a gaban makaɗa ya kama sautinsu a tef, wannan tef shi ne asali. Na biyu mai yanka, wanda ke kunna tef ɗin, ya daidaita kauri da kaifi da ƙarfin sauti bisa ijtihadinsa, ya sa allurar inji ta sassaƙa tsaga guda mai zagayawa a kan farantin alminiyum mai taushin shafe. Kuma tilas ya rage kaurin sauti ya ƙara kaifinsa bisa wata ƙa'ida da kamfanonin Amurka suka yi ittifaƙi a kanta a 1954, wadda injin mai saurare ke warwarewa. Na uku mai zubi, wanda ke lulluɓe farantin da ƙarfe ya ciro uba, daga uba ya ciro uwa, daga uwa ya ciro hatimi. Na huɗu mai bugu, wanda ke danna hatimin a kan roba mai zafi. Hatimi kuwa yana gajiya, faifan da ya buga da fari ya fi wanda ya buga bayan ya dakushe. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai sauti na iya raguwa ko ya gurɓata, amma babu matakin da zai iya maido da abin da na gabansa ya zubar.

Mutanen Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ya yi talifi, kuma inda hubbarensa yake, sun gaji ƙa'idar da ta warware irin wannan mas'ala tun kafin a ƙagi garmaho. Idan aka kawo wa malami littafin da aka kwafa da hannu, ba ya ruɗuwa da kyan takarda ko adon gafaka, tambaya uku yake yi: daga wane kwafi aka ɗauko shi, wane ne marubucin da ya kwafa, kuma shin an yi muƙabalarsa da asali? Shi kansa Malam Abdullahi ya wallafa Ida'un Nusukhi domin ya bayyana shaihunan da ya ɗauki ilmi daga gare su da littattafan da ya karanta a gabansu. Ban kawo wannan don in daidaita darajar littafin ilmi da ta faifan kiɗa ba, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Na kawo shi ne domin hanyar tahƙiƙi guda ce, kuma tambayoyin nan uku su ne mizanin da zan auna sauran bahasin da shi. Har ma kamar yadda marubuci ke sa sunansa a ƙarshen littafi, haka mai yanka ke zana alamarsa da lambar hatimi a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen tsaga da takardar tsakiya, kuma nan ne gwanin tarawa ke fara kai idonsa kafin ya dubi kwali.

Hujjar masu bugun farko da raddinta

Babu kamfanin da ake jayayya a kan faya-fayansa kamar Blue Note, wanda Alfred Lion, ɗan gudun hijira daga Jamus, ya kafa a New York a 1939. Daga 1953 galibin ayyukansa Rudy Van Gelder ne ya ɗauke su, mutumin da sana'arsa ta farko auna ido da yanka tabarau ce, yana ɗaukar manyan makaɗa a falon gidan iyayensa a Hackensack, har ya gina ɗakin ɗauka na kansa a Englewood Cliffs a 1959. Masu tarawa sun haddace alamomin bugun farko kamar karatu: haruffan RVG a filin tsakiya, da wata 'yar alama mai kama da kunne wadda ke nuna masana'antar Plastylite ce ta buga, da adireshin kamfani a takardar tsakiya, na titin Lexington ko na West 63rd, da zurfafan zobe da hatimi ke bari a ƙarƙashin takardar. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: a lokacin da aka yanka wannan faifai tef sabo ne fil, wanda ya yanka shi ne wanda ya ji makaɗan da kunnensa a cikin ɗaki, mai kamfani kuma ya saurara ya yarda. Isnadi ba ya fin haka gajarta.

Amma insafi ya wajabta a faɗi abin da ke raunana wannan hujja. Faifan da ya shekara 60 ya ratsa hannuwa da allurai masu nauyi waɗanda suka cinye bangon tsagarsa, kuma wannan cuta ce da ido ba ya gani, wanki ba ya magani. Har ila yau masu yanka na wancan zamani suna la'akari da raunin injinan da ke gidajen mutane, sai su rage kaurin sauti don kada allura ta yi tsalle, abin da mai yanka na yau ba ya buƙata. Daɗin daɗawa, bugun farko shi ma yakan zo da kuskure. Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fi kowane faifan jaz shahara, an ɗauke shi ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959. A zaman farko injin tef ɗin da aka dogara da shi yana tafiya ƙasa da ƙa'ida kaɗan, sai ya zamana kiɗa uku na gefen farko a bugun sitiriyo sun fito da ɗan sauri da ɗagawar murya fiye da yadda aka busa su, kuma haka duniya ta yi ta saurarensu har 1992, sa'ad da aka koma ga tef na injin ajiya aka gyara. Shekara 33 ana riwayar kuskure daga bugun da ake kira asali.

Game da tsada kuma, faifan Hank Mobley na Blue Note mai lamba 1568 yakan kai dubban daloli in ya samu lafiyayye, amma ƙarancinsa ne ya kai shi can. Ya kamata mutum ya tantance niyyarsa tun da fari: mai tara kayan tarihi yana da muradi halastacce, mai neman ya ji abin da ya auku a ɗakin ɗauka shi ma yana da nasa, ruɗu yana shigowa ne sa'ad da ɗayansu ya ari hujjar ɗan'uwansa ya kare sayayyarsa da ita.

Darajojin sabon bugu

Idan aka ɗora sababbin bugu a kan tambayoyin nan uku, sai a ga sun kasu martaba huɗu. Mafi ɗaukaka shi ne wanda aka yanka kai tsaye daga tef na asali, aka ambaci sunan mai yanka da masana'antar da ta buga, kamar jerin Tone Poet da Blue Note ya fara a 2019 domin cikarsa shekara 80, wanda Joe Harley ke kula da shi, Kevin Gray ke yankawa. Irin wannan yakan bayyanar da kaurin bas da faɗin ɗaki waɗanda bugun farko ya taƙaita, ko da yake tef ɗin ya tsufa, wani lokaci kuma a ji tabon tsufansa.

Martaba ta biyu ita ce wadda aka ɗauko daga kwafin tef amintacce. Faya-fayan Blue Note da kamfanonin King da Toshiba suka buga a Japan daga ƙarshen shekarun 1970 galibinsu daga nan suke, kuma tsabtar robarsu da kyan aikinsu sun sa har yau ana girmama su. Kada a raina kwafi don sunansa kwafi, domin wani lokaci shi ne abin da ya rage. A Love Supreme na John Coltrane, wanda Van Gelder ya ɗauka ranar 9 ga Disamba 1964, tef ɗinsa na asali ya ɓace, aka daɗe ana bugawa daga kwafi mai rauni, har aka gano wani kwafi mai kyau da aka aika wa kamfanin EMI a Landan tun 1965, aka gina bugun 2002 a kansa. Ranar 1 ga Yuni 2008 kuma gobara ta cinye wani rumbun ajiyar tef na kamfanin Universal a California. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa abin da ya ƙone ya haura tef 100,000, ciki har da na jaz masu yawa, kamfanin kuwa ya musanta cewa ɓarnar ta kai yadda aka faɗa. Ko yaya adadin yake, darasin a fili yake: kwafin da aka adana a wani gari daban shi ne ke ceton aiki ranar da asali ya halaka.

Martaba ta uku ita ce wadda aka juya tef zuwa lambobin kwamfuta, watau dijital, sa'an nan aka yanka faifai daga nan. Wannan hanya ba aibi ba ce a kan kanta, har ma tana hutar da tsohon tef daga yawan kunnawa. Aibin yana cikin ɓoyewa. A watan Yuli 2022, bayan wani mai shagon faifai a birnin Phoenix ya tayar da zance, injiniyoyin Mobile Fidelity, kamfanin da ya yi suna wajen tsadaddun bugu, suka tabbatar da cewa sun shafe shekaru suna bi ta matakin dijital ba tare da an bayyana wa masu saye ba. Aka kai ƙara, aka yi sulhu a 2023 a kan abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25. Malaman fiƙihu suna kiran ɓoye halin haja tadlisi, kuma kyan hajar ba ya wanke mai yinsa. Akwai kuma fa'ida ta biyu mai ɗaci ga masu da'awar kaifin kunne, domin da yawansu sun shekara suna yabon waɗannan faya-fayai da cewa sun tsarkaka daga dijital, wanda ke nuna yadda abin da mutum ya ƙudurta a zuciya yake rinjayar abin da yake ji.

Martaba ta huɗu ita ce majhuli, wanda ba a san daga inda aka ɗauko shi ba. Dokar Turai ta dā tana sakin haƙƙin sautin da aka ɗauka bayan shekara 50, kuma ko da aka tsawaita ta zuwa 70 a 2013 ba ta koma kan abin da ya fito kafin 1963 ba. Saboda haka kamfanoni barkatai suna ɗaukar CD na kasuwa su yanka faifai daga gare shi, su sa masa kwali mai sheƙi. A wannan sahu za a sa faya-fayan ƙarshen shekarun 1960 da aka tsaga sautin mono da na'ura aka kira shi sitiriyo, wanda tahrifi ne tsantsa. Alamar majhuli ita ce yawan zance a kan nauyin faifai da launinsa, da yin gum a kan tef da mai yanka. Nauyin giram 180 yana sa faifai ya zauna daram, amma zurfin tsaga da abin da ke cikinta tun wurin yanka aka gama hukuncinsu. Abin da ke da tasiri na haƙiƙa shi ne raba aiki a faifai biyu masu zagaye 45, domin saurin tafiya yana sauƙaƙa wa allura bin tsaga, musamman kusa da tsakiya inda sauti ke matsewa, sai dai mai saurare zai yawaita tashi yana juya faifai.

Ladubban muƙabala da kunne

Bayan an san isnadi, saura muƙabala, ita kuwa tana da sharuɗɗa. A kunna bugu biyu a inji guda da allura guda. A daidaita ƙarfinsu, domin kunne yana fifita wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. A sa wani ya riƙa ɗora faifan ba tare da mai saurare ya ga wanne ne ba. Kuma kada a yanke hukunci a zama guda, domin sauti mai kaifi yakan burge a minti na farko ya gajiyar a na ashirin. Sa'an nan a kasa kunne ga wurare sanannu. Idan mai piyano ya danna ya riƙe, shin muryar ta tsaya cak ko tana rawa? Rawarta na nuna hudar tsakiya ta karkace ko gudun inji bai daidaita ba. Tasoshin tagulla na mai ganga, shin suna amo su lafa a hankali ko suna huci kawai? Bas, shin ana bambance kowace tsirkiya da aka ja ko gunji guda ake ji? Mai saksofon, shin ana jin numfashinsa kafin busa ta fito? A ƙarshe a saurari shirun da ke tsakanin kiɗa da kiɗa, wanda ke tona tsabtar roba, da kiɗan ƙarshe na kowane gefe, wanda ke tona gwanintar mai yanka.

Mazaunin ƙasar Kabi yana da ƙarin sharuɗɗan da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, faifan da aka bari a mota ko a ɗaki mai kwano babu silin zai lanƙwashe. Wajibi ne a jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, a ɗakin da ya fi sanyi, ɗakin soro na ƙasa kuwa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu tana shiga tsaga, bushewar iska tana sa roba ta riƙa jawo ta, allura kuma ta niƙa ta a jikin faifai. Don haka a share kafin kowace kunnawa, a wanke da tataccen ruwa, a sa rigar ciki sabuwa. Damina tana kawo fumfuna, gara kuma tana cin kwali, sai a ɗaga akwati daga ƙasa a raba shi da bango. Nauyin allura a galibin injina masu kyau kimanin giram 2 ne, ɗora mata kwabo don kada ta yi tsalle kisan faifai ne. Tsohon faifai mai zagaye 78 yana da tasa allura mai kauri, kuma sinadarin barasa yana narkar da shi. Wutar lantarki ma tana da hannu a ciki: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, injin da motarsa ke bin bugun wuta in aka kawo shi daga can zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa, ƙaramin janareta kuma yakan sa gudu ya yi ta hawa da sauka. Wanda ya hukunta faifai a kan irin wannan inji ya zalunci mai yanka.

Abin da ya hau kanmu

Duk wannan bahasi da zai zama na nishaɗin 'yan tsiraru in da ba mu da namu taskar sauti da ke cikin haɗari fiye da ta Amurka. David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a 1963 da 1964 aka buga su faifai biyu a jerin UNESCO. Kamfanin EMI ya buga waƙoƙin Shata a faifai. Gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato sun ɗauki makaɗan fada da na jama'a a tef shekara da shekaru. Mutanen waje sun riga sun gane darajar irin wannan: kamfanin Strut na Ingila ya fitar da Nigeria 70 a 2001, Sahel Sounds na Amurka kuma ya sake buga aikin Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka a 1978, a faifai a 2013, daga kaset ɗin da aka samu a Yamai. Mu kuwa a nan, muryoyin Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri, da Musa Ɗanƙwairo, yawanci muna jin su ne daga masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, kwafin kwafin kaset wanda ba a san adadin hannuwan da ya ratsa ba, wani ya yi sauri har muryar dattijo ta koma ta yaro, wani an yanke masa kai, wani an laƙa masa sunan da ba nasa ba. Wannan ita ce martabar majhuli, kuma a kanta 'ya'yanmu ke gina saninsu da waɗannan mutane.

Gyara yana yiwuwa matuƙar ba a makara ba. A ɗakunan tsofaffin ma'aikatan En'e da malaman makaranta da fatake, daga Gwandu zuwa Jega da Birnin Kebbi, ba a rasa akwatunan faifai da kaset waɗanda magada ke ɗauka tarkace ne. Kada a zubar, kada a bar wa yara su yi wasa da su. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana nan Kalgo. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Waɗannan su suka cancanci su karɓi wannan amana su yi mata aiki bisa ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ba ta da tsawo: a nemi kwafin da ya fi kusa da asali, a juye shi da inji mai daidaitaccen gudu, a ajiye juyi guda yadda ya zo ba tare da ƙara masa amsa-kuwwa ko goge masa komai ba, a yi duk wani gyara a kan juyi na biyu, a rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙa da gari da shekara da wanda ya ɗauka da abin da aka juyo daga gare shi, inda aka jahilci wani abu a rubuta cewa an jahilta, sa'an nan a raba ajiya a garuruwa biyu ko uku. Tef da kaset kuwa suna ruɓewa kowace damina, dattawan da za su iya shaida muryar wane ce da ranar da aka yi ta kuma suna ƙarewa. Allah ya ba shugabanninmu da malamanmu da magadanmu himmar farawa tun masu shaida suna raye.